Sunan da Na Toshe da Hannuna

Na san abin da 'ya'yan Yaya Sabo suka gaya muku, domin ku ma ba ku iya ɓoye abu a fuska ba. Sun ce ubanku ya bar shagon gado ya koma rumfar kwano a bakin tasha saboda taurin kai, wai ya zaɓi bare a kan ɗan'uwansa na jini. Idan kuma kuka je Fadan Kaje kuka ambaci Habu mai fenti, za ku samu tsofaffin da za su ce ni ne Bahaushen da ya cinye wa malaminsu aiki. Duka biyun na sha su shekara da shekaru ban tanka ba. Yanzu ido ya fara raunana, kuma ba zan yarda a binne ni da maganar mutane a kaina ba. Kada wani a cikinku ya ce mini abin ya wuce, domin a wurina bai wuce ba.

Shagonmu na rubutun alluna ne, a nan Kafanchan, ba nisa da kasuwa. Allon shago, lambar gida, rubutun jikin manyan motoci, duk mu ne. Kakanku ya kafa shi, da ya rasu ya koma hannun Yaya Sabo, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure, ba na musun wannan. Amma ku sani Yaya bai iya jan layi miƙaƙƙe ba ko an ba shi rula. Abin da Allah Ya ba shi baki ne, yana iya sayar wa mai aski gashi. Ni ne hannun shagon, shi ne bakinsa. A gidanmu kuwa akwai doka guda da Inna, kakarku, ta dasa mana tun muna tsallaken kwata: ƙarami ba ya ƙaryata babba a gaban bare. Ko Yaya ya ce rana daga yamma take fitowa, sai ka bari baƙo ya tafi tukuna ka ja shi gefe. Da wannan aka raine ni, kuma ina alfahari da shi har ranar da ya zame mini igiya a wuya.

Ticha Yohanna malamin zane ne a wata makarantar sakandare kusa da gari, mutumin Fadan Kaje, gajere, mai tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Yakan zo shagonmu neman ragowar fenti, domin wanda makaranta take ba shi ba ya kai wata guda. A shekarar da gari ya rikice tsakanin Musulmi da Kirista, mutane da yawa sun daina taka wasu unguwanni, shi kuwa bayan ƙura ta lafa sai ga shi da baburinsa kamar kullum, ya zauna a bencinmu ya ce a ba shi ruwa. Ranar nan ya zo da wani zane a naɗe cikin zanin matarsa. Da ya buɗe, na duba na sake dubawa, babu mutum, babu dabba, babu ko bishiya. Ja ne ya ratsa ta tsakiya kamar an ja shi da fushi, baƙi ya danne gefe guda, ga rawaya, ga fari, ga ruwan ƙasa, ga wani shuɗi da ya maƙale a kusurwa. Na ce masa, Ticha, wannan ai kamar akuya ce ta taka fenti ta bi ta kan allo. Bai ji haushi ba.

"Habu, akuya ba ya yin wannan. Ka ajiye shi kwana uku a inda kana gani, sai mu yi magana."

Na jingina shi a bangon shago don kada ya ce na ƙi. A kwana na biyu na kama kaina ina aiki ina ɗago kai ina kallonsa. A na uku wani direban tirela da ya zo karɓar allo ya tsaya a gabansa ya fi minti goma, ya tafi ya manta da allonsa.

Shawarar bugawa a ƙarfe tawa ce, kuma ina so ku rubuta wannan a zuciyarku, domin daga baya Yaya ya riƙa cewa shi ya ƙirƙiro. Kun san daminar garin nan. Hoton takarda, ko yana cikin gilashi, damina biyu sai ka ga ya yi fumfuna, gefensa ya kumbura, gara ta shiga firam ɗin. Ni kuwa na riga na iya bugun siliki, da shi muke buga rigunan 'yan ƙwallo da bajon makarantu. Ana ɗaura yadin siliki a firam, a toshe inda ba a so fenti ya wuce da wani danƙo, a zuba fenti a ja da katako mai bakin roba. Na ce wa Ticha in mun samu fallen alminiyon mai santsi za mu iya kwafe zanen nan sau ɗari, a rataya a falo, ruwa bai ci ba, gara ba ta ci ba, in ya yi ƙura a goge da tsumma. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. A gaban Yaya ya faɗe shi, yana nuna kusurwar ƙasa ta dama inda ya rubuta sunansa da siririn buroshi.

"Wannan suna kada ya fita. Ko kun canja girma, ko kun canja firam, suna ya zauna."

Yaya ya ce haba Ticha, wannan ai ba sai an faɗa ba.

Mako uku na yi ina rarrabe launukan. Kowane launi da nasa silikin, kuma sai ɗaya ya bushe sarai kafin a ɗora na gaba, in ka kuskure da faɗin gashi guda duk fallen ya lalace. Da farko na ƙirga launi shida. Ina cikin kwafe baƙin na lura da wani siririn kore a ƙarƙashinsa, wanda ba ka ganinsa sai ka matso har hancinka ya kusa taɓa allon. Na tambaye shi ko kuskure ne. Ya ce a ƙauyensu in an ƙona daji, kafin mako biyu sai ka ga tsiron ciyawa ta cikin toka, shi ya sa a wurin, amma kada in gaya wa kowa, wanda ya gani ya gani. Na yi wa koren nasa siliki, suka zama bakwai. Sunan kuwa yana jikin silikin baƙi, wanda ake bugawa a ƙarshe. Ba na jin akwai wanda ya san zanen nan kamar ni, in ban da mai shi. Ranar da na ɗaga siliki na ƙarshe daga kan fallen farko, Ticha ya riƙe shi a rana yana juyawa, launin yana sheƙi fiye da na ainihin, ya yi ta dariya yana dukan kafaɗata da hannunsa mai kaushi.

Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata, kuma dalilin ya ba ni mamaki. Ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman makaranta da nas-nas sun saya don sun ga na zamani ne. Namu kuwa, waɗanda ba sa rataya hoton abu mai rai a ɗaki, sai suka samu abin ƙawata falo da babu wanda zai ce musu komai a kansa. Wani malami a unguwarmu ya duba ya juya ya ce wannan ba mai rai ba ne, babu laifi. A shekarar da maƙwabta suke kallon juna da gefen ido, hoto ɗaya yana rataye a gidan liman da gidan fasto. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na ɗauka mun yi wani abin kirki.

Sai wani ɗan kasuwa mai sarin kaya zuwa Jos da Kaduna ya zo da niyyar ɗiban da yawa. Ya sa tabarau ya karanta kusurwar, ya tambayi Yaya wane ne Yohanna. Da aka gaya masa malamin makaranta ne na nan bayan gari, sai ya ajiye fallen kamar ya ƙone shi. Ya ce wasu masu sayensa ba za su rataya wannan suna a falonsu ba a irin wannan lokaci, sauran kuwa ba za su ba da kuɗin kirki a kan abin da aka yi a Kafanchan ba. Bayan tafiyarsa Yaya ya kira ni bayan shago ya ce in toshe sunan, kuma ya riga ya ba da a sassaƙo hatimi mai rubutun Turanci da ke cewa a Italiya aka yi, za a riƙa bugawa a bayan kowane falle. Na ce Yaya, alkawari muka yi. Ya ce alkawarin da aka yi kafin a san kasuwa ba alkawari ba ne, kuma rabon Ticha zai ƙaru, me kuma yake so. Na ce to a gaya masa. Ya ce zai gaya masa da kansa in lokaci ya yi. Na kai magana wurin Inna, ina tsammanin za ta tsawata masa. Tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce shago na Sabo ne, abin da ya ce shi za a yi, in da zunubi a kansa yake.

Ga gaskiyar da 'yan Fadan Kaje suke da ita, kuma ba zan rage mata komai ba. Ni na ɗauki silikin baƙi, na tsoma yatsa a danƙo, na shafa a kan sunan. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Mako uku na aikin launi, wata biyu na abota a kan benci guda, duk na rufe su da abin da bai kai cokalin shayi ba. Na gaya wa kaina cewa Yaya zai yi masa bayani, kuma na san a raina ƙarya nake yi wa kaina, domin na san Yaya.

Hotuna suka tafi Jos, suka tafi Kaduna, wasu ma suka dawo ta hannun 'yan kasuwa aka sayar wa mutanen yankin nan da tsada a matsayin kayan waje. Wannan har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Mutanen da suke wuce fallen a ƙofar shagonmu suna taɓe baki, su ne suke rububinsa da zarar an buga masa hatimin ƙarya a baya. Ticha a lokacin yana fama da jarrabawar ɗalibai, ya yi makonni bai leƙo ba, ni kuma ban neme shi ba, don ba ni da idon kallonsa.

Wata Lahadi bayan sujada aka gayyace shi cin abinci a gidan wani babban ma'aikaci a Samaru Kataf. Matar Ticha ce ta ba ni wannan labari daga baya. Suna zaune a falo, mai gidan ya nuna bango ya ce ƙaninsa ya kawo masa wannan daga Kaduna, aikin Turawa ne, ya kamata Ticha ya duba da kyau ya koyi yadda ake zane tunda shi ma yana taɓawa. Hoton kuwa an rataye shi kai a ƙasa, tunda babu suna a kusurwa da zai nuna ina ne sama. Ticha ya ce ai shi ya zana shi. Aka fashe da dariya, aka ɗauka wasa yake yi. Da ya nace, mai gidan ya sauko da fallen ya juya bayansa ya nuna wa kowa hatimin, ya ce Malam, son girma bai kai nan ba. A gaban matarsa, a gaban dattawan majami'arsu, aka mai da shi maƙaryaci a kan aikin hannunsa.

Washegari da hantsi ya zo shago da fallen ɗaure a bayan babur, ashe ya roƙi mai gidan ya ara masa. Shago cike yake, akwai direbobi biyu, akwai mai sarin nan na Jos, akwai maƙwabtanmu masu walda. Ya ɗora fallen a kan tebur ya sa yatsa a kusurwar da babu komai, ya tambayi Yaya ina sunansa. Yaya ya ɗaga gira kamar yau ya fara gani. Ya ce wallahi shi bai san aikin siliki ba, ko riƙe robar bai iya ba, Habu ne mai hannu, a tambaye shi. Ticha ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba.

"Habu, kai ne ka cire?"

Na kalli Yaya. Yaya yana kallon titi. Ga bare cike da shago, ga muryar Inna a kunnena. Abin da ya kamata in ce a bakina yake, kalmomi ne da ba su kai biyar ba.

"Ni ne," na ce.

Ban ƙara komai ba. Ya tsaya yana kallona, na rantse ya ba ni lokaci, ya jira ko zan ƙara wani abu. Sannan ya ɗauki fallen ya ɗaure, ya tura baburinsa da kansa har kwanar titi, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Da na koma gida uwarku ta ga fuskata ta tambaya, na gaya mata. Ita ce kaɗai a gidan nan da ta faɗa mini gaskiya. Ta ce kunyar da take sa mutum ya ɗauki laifin wani don a ci gaba da cutar na uku, ita ba ta san sunanta kunya ba. Inna kuwa sa mini albarka ta yi, ta ce na nuna ni ɗan halak ne, na rufa wa yayana asiri. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba. Yaya da ya shigo ya dafa ni ya ce kada in damu, Ticha zai huce, irinsu ba sa riƙo. Wannan "irinsu" ita ta ƙarasa ni.

Kashegari na riga kowa zuwa shago. Na fito da silikan nan bakwai na jera a bayan shago, na ɗauko galan na kananzir da tsumma, na wanke su ɗaya bayan ɗaya har suka koma fari fat, ba alamar zane. Yaya ya iso ina kan na shida. Abin da ya faɗa mini ba zan rubuta ba, kakanninku ne ya zaga tare da ni bai sani ba. A wannan karon na amsa masa, a gaban masu walda da duk wanda ya tsaya kallo, na faɗi wanda ya ba da umarni da wanda ya sa aka sassaƙa hatimi. Amma wanda ya kamata ya ji ba ya wurin. Yaya ya ce in bar masa shago, in bar masa gida. Kafin mako ya zagayo mun koma ɗaki ɗaya na haya, uwarku da cikin Sa'adatu wata bakwai. Inna ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya. Kada kuma ku ɗauka wankin da na yi ya tsayar da wani abu. Yaya ya ɗauki falle guda ya kai wa wani mai bugu a Kaduna, aka kwafe masa da launi biyar, ba kore, ba shuɗi, ya ci gaba da sayarwa har kasuwar ta mutu don kanta. Yaya ya mutu ana kiransa mai ido a harkar ado.

Bayan wata guda na hau mota zuwa Fadan Kaje, lokacin hutu ne, Ticha yana gida. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Matarsa ta kawo mini ruwa, shi ya nuna mini kututture na zauna. Na kwashe komai na gaya masa, da mai sari, da hatimi, da Inna, da kananzir, da korar da aka yi mini. Ina tsammanin zai yi mamaki. Ya bari na gama, bai daina aikinsa ba.

"Habu, na san oganka ne ya sa ka. Tun a hanya kafin na kai shago na sani. Ba shi na zo tambaya ba. Na zo in ji ko kai za ka faɗa."

Na ce Ticha, a gidanmu ƙarami ba ya ƙaryata babba a gaban mutane.

"Ni fa? A gaban mutane aka ƙaryata ni. Wa ya tsaya mini?"

Ya rako ni bakin hanya, domin shi mutum ne mai ladabi, amma bai ce in gaida gida ba. A ƙarshen shekarar ya nemi canjin makaranta ya koma wajen Nok. Na ji an ce ya ci gaba da koya wa yara zanen kofi da lemo a kan tebur, amma nasa na kansa bai ƙara yi ba. Sau biyu na aika masa da fenti ta hannun direba, sau biyu ana dawo mini da shi ba a buɗe ba.

Ina fushi da Yaya, Allah Ya jiƙansa, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na huce ba. Ina fushi da mai sarin nan, da mai gidan Samaru Kataf, da duk wanda yake ganin abu ba ya da kyau sai in daga nesa ya zo. Ina fushi da tarbiyyar da ta koya mini tsoron idon baƙo fiye da tsoron hakkin mutum. Amma wanda na fi fushi da shi shi ne mutumin da ya tsaya a shagon nan da fenti a yatsa ya ce "ni ne" ya rufe baki. Shi ya sa ban taɓa hana ɗayanku gyara mini magana a gaban kowa ba, har dangi suna cewa na sangarta ku. Ku bar su su ce.

Shekara takwas bayan zuwan nan nawa Fadan Kaje, ina rumfata a bakin tasha ina rubuta allon wani mai kemis, wata budurwa ta sauko daga motar Kwoi, can wajen Nok, ta yi ta tambaya har aka nuno mata ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Rahila, 'yar Ticha Yohanna. Na tuna ta tana 'yar firamare. Ta ce babanta ya rasu kwana tara da suka wuce, an kai shi gida an binne. A wurinsu ana kafa allon ƙarfe a kan kabari da sunan mamaci, ta zo ne a rubuta. Na ce mata akwai masu rubutu a kusa da su, me ya kawo ta har nan. Ta miƙo mini takardar da aka rubuta sunan da ayar da suke so.

"Baba, shi ya ce. Ya ce a kai wa Habu na Kafanchan, wannan karo zai sa sunana."

Na tambaye ta, da dariya ya faɗa ko da fushi? Ta ce ba ta sani ba, yana kwance ne ya juya fuska bango.

Na ture allon mai kemis gefe. Na zaɓi fallen da ya fi kauri a rumfar, na yi masa farin fenti shafi uku, na rubuta sunan da buroshi da hannuna, harafi bayan harafi, ita tana zaune a benci tana jira har la'asar. Da ya bushe ta karanta a hankali tana bin takardar da yatsa, ta ce daidai ne, Baba. Na naɗe mata shi a kwali na kai ta mota. Shekara takwas mutumin nan yana da rai, yana da ido, ni kuwa ban mayar masa da sunansa ba sai ranar da ba zai iya karantawa ba.